Garin da Ba a San Ka Ba

Ranar da zan tashi zuwa Santambul, na je yi wa Inna sallama bayan La'asar. Na same ta zaune a kan buzunta, carbi a hannu. Ta yi min addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "Ka dai riƙe Allah. Can babu mai ganinka." Na ce, "In sha Allahu, Inna." A zatona na san abin da take nufi, sai dai kunya ba ta bar ɗayanmu ya kama sunansa ba. Abokaina na majalisa kuwa ba ruwansu da wannan kunyar. Tun ana saura mako guda suke tsokanata, wai in yi hankali da kwalba, in yi hankali da fararen mata, kada dare ya cinye musu ni.

Na tafi, na yi kwana tara, na dawo. Giya ban sha ba, gidan rawa ban shiga ba, salla ba ta wuce ni ba. Duk da haka na dawo da wani abu da ya tsaya min a rai, wanda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ya sa ni wannan rubutu, domin ya bar ni da tambayar da nake so mu duba tare: kirkin da aka san mutum da shi a unguwarsu, nasa ne, ko na idon unguwar ne?

Bari in fara da gida, don wanda bai san inda na fito ba, ba zai gane abin da ya same ni a can ba. Sunan unguwarmu na asali Ekudu, a bakin Ewondo masu ƙasar. Amma kowa a Yawunde Briketeri yake ce mata, ko Birik a taƙaice, saboda wurin gasa jan bulo da aka kafa a nan tun zamanin Jamus. Unguwa ce ta Hausawa da Fulani da sauran Musulmi, ta teloli da masu sayar da yadi da mahauta. In dare ya yi, hayaƙin tsire, wanda mutanen kudu ke kira soya, shi ke yi wa baƙo jagora zuwa cikinta.

A Birik ba ka fita daga ƙofar gidanku ka isa babban masallaci ba ka yi gaisuwa ashirin ba. In ka ci tsire a tukubar wani, kafin ka haɗiye mahaucinka ya ji labari. In aka rasa ka a sallar Asuba kwana biyu, za a turo yaro a ji ko lafiya. A cikin wannan idon na tashi, kuma a cikinsa na yi suna. Ana cewa wane ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, wane hannunsa a sake yake, wane ba a rasa shi wurin suna ko jana'iza. Na daɗe ina jin haka har na yarda cewa halina ke nan, kamar yadda tsayina yake nawa.

Sarin kaya ne ya kai ni Turkiyya, kuma shi ne fitata ta farko ƙetaren teku. Na tashi daga Nsimalen, na sauka a masauki kusa da Laleli, unguwar 'yan sari, inda 'yan kasuwar Afirka da Larabawa da Rashawa ke cika kantuna. Cikin kwana huɗu na gama sayen abayoyi da takalma da kayan yara, na ba masu aika kaya. Sauran kwana biyar suka zama nawa, na yawon buɗe ido.

Ido kuwa ya buɗe. Na shiga Aya Sofiya, ginin da aka gama a shekarar 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453 lokacin da Sarki Muhammadu na Biyu ya ci garin, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, sannan ya koma masallaci a 2020. Na tsaya ƙarƙashin ƙubbarsa na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Na tsallaka fili na yi Azahar a masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida. Na shiga rufaffiyar kasuwar garin mai kantuna kusan 4,000, ina taƙama cewa wanda ya saba da kasuwar Mokolo ba ya ɓata a kasuwa, sai ga ni ina zagaye wuri ɗaya sau uku. Na hau jirgin ruwa na ƙetare mashigin Bosforus, na karya kumallo a Turai na ci abincin rana a Asiya, duk a gari ɗaya.

Ciki ma ya samu rabonsa. Da safe akwai simit, wani burodi zagayayye kamar ƙawanya, an barbaɗe shi da riɗi. Akwai dona, naman da ake jerawa a tsaye yana juyawa gaban wuta ana yankarsa sala-sala. A matsayina na ɗan unguwar tsire na ce ba laifi, sai dai da sun san ƙuli da yaji da sun huta. A Eminonu, gefen gadar Galata inda masu fatsa ke jeruwa dare da rana, na ci gasasshen kifi cikin burodi da albasa. Baƙalawa kuwa zaƙinta har cikin kunne. Shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, ban san adadin da na sha ba.

Amma abin da ya fi duk waɗannan daɗi, ban taɓa sanin ina marmarinsa ba sai da na same shi: babu mai kallona. Gari mai mutum fiye da miliyan 15, ba wanda ya san ɗan wane ne ni. Na ci abinci ina tafe a titi, abin da magidanci ba ya yi a gida. Mai sayar da askirim ya yi ta wasa da hankalina da doguwar sandarsa, ya miƙo ya janye, na yi ta dariya kamar yaro. Na zauna bakin ruwa awa biyu ban yi komai ba, ba wanda ya zo ya ce lafiya kuwa. Dole in faɗi gaskiya a nan: ba duk abin da idon jama'a ke hana mutum ne zunubi ba. Wani nauyi ne kawai, kuma sauke shi na 'yan kwanaki hutu ne.

Da dare nakan hau zuwa dandalin Taksim in gangaro titin Istiklal. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare kamar hantsi. Jan taragon lantarki na ratsa taron jama'a yana kaɗa ƙararrawa, makaɗa a kowace kusurwa, masu gasa masara, masu kiran mutane zuwa gidajen rawa da ke cikin lunguna. Nan ne wurin da aka yi ta yi min kashedi a kansa. Na wuce ƙofofin nan ban ko ji ɗar ba, warin barasar ma kaɗai ya ishe ni. Ina tafe ina yaba wa kaina, ina cewa a zuci, Inna ga ɗanki, ya ci jarrabawa. Ashe jarrabawar tana gaba.

A dare na bakwai na ci abinci a jirgin ruwa mai zagaya Bosforus, na biya kuɗin da ya isa buhun shinkafa a gida. Ina komawa masauki ta wajen Aksaray, uwargida ta kira ni a waya. Watan Nuwamba ne, sanyi na ratsa ƙashi. Ina tafe ina magana da ƙarfi, muna lissafin tsarabar yara. A bakin titi akwai samari baƙaƙen fata da ke baza agogo da turare da tabarau a kan faifan katako. Sai ɗaya daga cikinsu ya miƙe zumbur, yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyu ba, sanye da 'yar rigar sanyi da ba ta kai ta kawo ba. Fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga ɗan ɗakinsu. Ya ce, "Salamu alaikum, Alhaji! Ashe Bahaushe ne? Daga ina?"

Harshensa irin na mutanen Damagaram ne. Kafin ya rufe baki na gama lissafi a kaina: zai ce ba shi da takardu, zai ce bai ci abinci ba, zai karɓi lambata, zai manne min. Sai na ji bakina yana gaya masa da Faransanci cewa sauri nake yi. Da Faransanci, mai karatu, alhali yanzun nan ya ji ni ina zuba Hausa. Ko sallamar ban amsa ba. Ya dube ni, murmushin ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar bai san inda zai ajiye shi ba, sannan ya ce, "To Alhaji, Allah ya huta gajiya." Ya koma ya tsuguna wurin kayansa.

Uwargida da ke kan waya ta ce, "Wa ke maka sallama?" Na ce, "Babu kowa."

Daren nan ban yi barci ba. Na kawo wa kaina uzuri iri-iri, kuma ba duka ne na banza ba. An gargaɗe ni game da 'yan damfara. Akwai fasfo da sauran kuɗi a jikina. Dare ya yi, garin ba nawa ba. Duk gaskiya ne. Amma amsa sallama ba ta buɗe aljihu. Kuma na san da a Birik ne, ko da ɓarawon da aka sani ne ya gaishe ni, zan amsa, don kada a ce wane ya yi girman kai. Abin da ya bambanta daren nan ɗaya ne tak: na tabbata labari ba zai kai gida ba.

Dare biyun da suka rage min na koma wurin ina nemansa. Na tarar da wasu samari 'yan Senegal, na kwatanta musu shi, ba su gane wanda nake nufi ba, ko kuwa sun gane ba su yarda da ni ba. Ban sake ganinsa ba.

Da safiyar ranar da zan taso, na shiga wani gidan burodi na ga an rataye burodi cikin ledoji a gefen ƙofa. Wani mutum ya shigo, ya ɗauki ɗaya, ya fita bai biya ba, ba wanda ya ko ɗaga kai. Mai kantin da na yi sari a wurinsa, wanda ke jin Faransanci, ya yi min bayani. Al'ada ce da suke kira askida ekmek, wato burodin rataye: ka sayi naka, ka biya na wani, a rataye, mabuƙaci ya zo ya ɗauka. Mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san wanda zai gode wa ba. Ya ƙara min da cewa a zamanin Daular Usmaniyya akwai duwatsun sadaka a gefen masallatai, masu rami a samansu, mai hali ya sa kuɗi ya wuce, mara hali ya ɗauki abin da zai ishe shi. Na koma na biya kuɗin burodi biyar. Ina biya ina sane da cewa bashin bai biyu ba, don yaron nan bai tambaye ni burodi ba. Cewa ya yi, daga ina?

Da na dawo, bayan an gama rabon tsaraba da kallon hotuna, na ba da labarin a majalisa. Wani abokinmu da ya yi boko mai zurfi ya yi dariya ya ce ai wannan tsohuwar magana ce. Ya ce a littafin Aflatun na Jamhuriya an kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe mai layar zana, in ya juya shi ba mai ganinsa, kuma da ya tabbatar da haka sai ya kashe sarki ya hau gadonsa. Mai ba da labarin yana nufin cewa kowa ma haka zai yi, mai kirki da mugu, in dai an ɗauke masa tsoron ido. Abokin namu ya ce tikitin jirgi shi ne zoben zamaninmu, kuma kunyar da muke taƙama da ita ɗan sanda ce kawai, in ba ta nan kowa ya koma halinsa.

Malamin da ke ja mana salla a masallacin lungunmu bai yarda ba. Ya ce yaro yana fara salla ne don idon ubansa, amma in aka dace, wata rana uban zai mutu sallar ta zauna. A ganinsa idon jama'a kamar sandar da ake kafa wa doya ne, tana hawa a kanta kafin ta yi ƙarfi. Ya tuna mana cewa matakin da addini ke kira ihsani shi ne mutum ya yi aiki da sanin cewa ko ba ya ganin Ubangijinsa, Ubangijinsa na ganinsa, don haka babu garin da ba a san ka ba.

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu. Ban yarda da abokina gaba ɗaya ba, domin da duk halina na aro ne, da na sha giyar, ai ba mai gani. Akwai abin da ya zauna a jikina har ya zama nawa. Maganar Malam kuwa gaskiya ce, sai dai ba ta gaya min abin da ya sa wani hali ya bi ni har Santambul, wani kuma ya tsaya a Nsimalen ba.

Amsar da na samu ba ta yi min daɗi ba. Yawancin alherin da aka san ni da shi adashi ne. Ina zuwa sunan wane don ya zo nawa. Ina gaida dattijo don a ce ɗan gidan wane akwai ladabi, wata rana a ba ɗana aure. Ina ba da gudummawar biki, kuma akwai littafi a zuciyata, kamar yadda akwai a zuciyar kowa. Ba na zagin adashi. Da shi marayu ke cin abinci a Birik, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake binne wanda bai bar ko sisi ba. Unguwar da ba ta da wannan idon ba wurin zama ba ce. Amma adashi yana da iyaka: wanda ba ya zubi ba ya kwasa. Yaron Aksaray ba ya cikin adashina. Ba zai zo sunan ɗana ba, ba zai yabe ni a majalisa ba, ba zai kai ƙarata wurin Inna ba. Abin da zan yi masa, shi ne tsantsar abin da na mallaka na kirki in an cire riba. Aka auna, mudun ya fito wayam.

Abin da ya ƙara min ciwo shi ne tuna yadda muka zo nan. Kakana ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ya bi ayarin fatake ta Yola da Ngaundare da Tibati da Yoko har ya iso Yawunde, bai san kowa ba. Abin da ya cece shi, shi ne ya ji ana Hausa ya yi sallama, aka amsa, aka ce daga ina, aka ba shi ruwa da masauki. Haka aka kafa kowane zango, daga Kumasi zuwa Sabo ta Ibadan zuwa tamu Birik: wani maigida ya karɓi baƙon da ba shi da abin biya a ranar. Waɗancan mutanen sun yi zubi ga wanda bai shiga adashi ba tukuna, kuma a kan wannan zubin nasu muke kwasa har yau. Ni jikan baƙo, na ji sallamar baƙo na mayar masa da Faransanci.

Saboda haka in ka tambaye ni yau ko kirkin mutum nasa ne ko na idon unguwa, zan ce gauraye ne, kuma mai shi bai san yawan kowanne ba sai ya je inda ba a san shi ba. Wannan ne amfanin tafiya da ban ji ana faɗa ba. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, muna ɗauka ilimin gine-gine da abinci da al'adun wasu ake nufi. Waɗannan suna cikin wayata, ina nuna wa mutane. Ilimin da ya fi tsada shi ne wanda ba na son nunawa. Kuma kowa da inda tasa jarrabawar take. Wanda aka yi wa kashedi da kwalba, wataƙila ba a kwalba zai faɗi ba, sai a wurin da bai sa tsaro ba.

Tun da na dawo nake lura da wani abu. In dare ya yi, motoci kan zo daga Bastos da sauran unguwannin masu hali, a sayi soya, a ɗauki hoton hayaƙi da nama, a tafi. Da can haushi nake ji, ina cewa sun mai da mu abin kallo, ba sa ko duban yaron da ke fifita garwashi. Yanzu na san yadda ake yin haka, don na yi. Na kuma gane ba sai an hau jirgi ba. A cikin Birik ɗin nan akwai waɗanda ba sa cikin adashin kowa: 'yan gudun hijirar Afirka ta Tsakiya, waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Arewa Mai Nisa, samarin Nijar masu yankan farce da wankin takalmi. Akwai wanda ya shekara uku yana yanke min farce a ƙofar kantina, ban san sunansa ba. Ranar da na tambaye shi sunansa da garinsu, sai da ya ɗago ya dube ni ya tabbatar da shi nake, sannan ya ce daga wajen Tasawa yake. Ba na cewa na gyaru. Mutum ba ya sake hali don ya ji kunya sau ɗaya. Na dai san inda ramin yake.

Inna ce ta ƙarshe da na ba labarin, don ita na fi jin nauyi. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Ka amsa masa sallamar?" Na ce, "Ban amsa ba, Inna." Ta ja carbinta ta yi shiru, can ta ce, "Ni da na ce ka riƙe Allah, ka ɗauka kwalba kaɗai nake nufi?"

Baɗi in Allah ya kai mu zan koma sari, kuma zan bi ta Aksaray da dare. Mai yiwuwa ya ƙara gaba, mai yiwuwa ya koma Damagaram, mai yiwuwa in gan shi ban gane shi ba. Ko ma yaya ne, akwai sallama ɗaya a kaina da ban amsa ba. Allah ya sa shi yana cikin alheri a duk inda yake, mu kuma Allah ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau.